Gurbin da Muka Bari a Kiɗan Yaya Habu

Da kakar bana Yaya Habu ya cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Ana yankan gero ya kwanta, kafin dawa ta nuna mun rufe shi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, don mu a gidanmu mun iya shiru a kan Yaya Habu, tun yana da rai muka ƙware. Bana dai na ce sai na yi magana, ko da 'yan'uwa za su ce Saude ta tsufa ta fara tonon silili. Abin da ya tayar da ni wani littafi ne da ya iso hannuna daga ƙasar waje, da sunansa a bango. Na yi alfahari da shi, ba zan ɓoye ba, amma kunyar da ya sa ni ta fi alfaharin yawa.

Mu da yawa ne a ɗakin Inna. Babbanmu Yaya Alhaji Ado, sai Habu, ni ce auta. Mahaifinmu limami ne a Unguwar Tudu da ke Gwarzo, kuma da ya rasu Yaya Alhaji ne ya gaje shi. Habu kuwa tun yana saurayi ya sulale ya shiga soja, aka sa shi cikin 'yan badujala yana busa begila. A can wani tsohon malaminsu ya lura yaron yana da kunne, ya ɗora masa gogen Turawa, wanda suke ce wa biyolin, ya kuma koya masa rubutun kiɗa. Da ya tuɓe kaki sai ya zauna a Legas, yana kiɗa a manyan zauruka tare da taron makaɗa, yana koyar da yara.

Duk wannan daga baya na san shi dalla-dalla. A lokacin, in an tambaye mu aikin Habu, cewa muke soja ne. Da ya bar soja muka ce malamin makaranta ne a kudu. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake haɗa goge da shi, ba sai na faɗa ba, kuma a ce ɗan liman ne mai goge, wannan magana ce da za ta bi 'ya'yanmu har ɗakunan aurensu. Shi ma ya san haka, bai taɓa sa mu a tsaka mai wuya ba. In ya zo Sallah, baƙin akwatinsa mai dogon wuya yana sauka daga mota sai ƙarƙashin gado.

Da matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ya tattaro ya dawo gida. Ya karɓi ɗakin kusa da zaure, ya kama noma a gonar Baba ta hanyar Gammo. Da rana in ya dawo ya yi wanka, sai ya zauna a teburinsa yana jan layuka a takarda, yana ɗiga musu baƙaƙen ɗige-ɗige masu wutsiya. Ni ina aure a Kabo, ina koyarwa a firamare, sai jefi-jefi nake leƙowa. Wata rana bayan la'asar na ɗaga labulensa na same shi a tsaye, gogen a maƙale ƙarƙashin haɓa, yatsunsa na hagu suna gudu a kan tsirkiya, hannun dama kuwa yana ta kai da kawo a iska, babu bakan da ake goga tsirkiyar da shi a cikinsa. Ko ƙis ba ka ji. Na fashe da dariya na ce, "Yaya, wannan kuma kiɗan kurame ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Ni ina ji, Auta. Ya isa." Na ajiye masa furar da na kawo na fita ina ta dariyata.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Malamin da aka gayyato mutumin kirki ne, kuma ba da fatawarsa nake ja ba. Ya ce kayan kiɗa ba ya shiga gado, a fitar da shi gefe. Sauran kaya kuwa, riguna da huluna da keke da tebur, aka kasa su yadda shari'a ta tsara, Inna ta ɗauki nata, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Can aka zo kan wasu siraran littattafai da Habu ya ɗinke da hannunsa, tuli guda, bango iri ɗaya, ciki duk layuka da ɗige-ɗige. Aka juya su sama, aka juya ƙasa, babu mai iya karantawa. Malam ya ce to littattafai dai dukiya ce, a raba. Aka raba su kamar yadda ake raba kowane tarin littafi, wannan ya tsaya gida Gwarzo, wancan Gammo, ni na ƙulle nawa a ɗankwali na hau mota zuwa Kabo. Babu wanda ya zo masa a rai cewa abu ɗaya ne muka yayyaga, kamar a raba wa magada takalmi, kowa ya tafi da wari.

Haka aka yi shekaru, har ranar da wata mota ta tsaya a ƙofar makarantarmu, wata mata ta fito tana cigiyar ƙanwar Malam Abubakar. Sunanta Bisi. Bayerabiya ce, 'yar soja, ta tashi a bariki, saboda haka tana jin Hausa irin ta barikin, mai karyayyen harshe amma ba ta ɓata. Ta ce tun tana ƙarama Malam ya ɗora mata goge, yanzu da shi take ci take sha a Turai. Ta ce kafin rasuwarsa ya kira ta a waya, ya ce ya gama wani babban aiki, in an kai amfanin gona gida zai kawo mata. Labarin mutuwar bai riske ta da wuri ba, kuma ba ta san hanyar garinmu ba, sai da ta sha tambaya.

Ita ce ta fahimtar da ni abin da muka raba. Ta ce a sana'arsu akwai kiɗan da ake kira konceto: goge ɗaya ne ke jan gaba, taron makaɗa suna amsa masa, yadda mawaƙinmu ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Kowane makaɗi da littafinsa, mai sarewa da nasa, mai ganga da nasa, masu manyan goguna da nasu, kowa abin da zai kaɗa kaɗai aka rubuta masa. Sai kuma littafin jagora, na gogen da ke gaba, da wani babba da ya haɗa kowa da kowa a shafi ɗaya. In aka tara su, akwai kamfanin ɗab'i da ya yarda zai buga, makaɗan duniya su saya su kaɗa. Ta ce a iya saninta ba ta taɓa jin wani Bahaushe ya rubuta irinsa ba.

Muka shiga bin gidaje. Na ɗauka za mu tarar gara da jikoki sun gama da su, sai ga abin mamaki. Nawa yana ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa. Yayarmu ta Gammo ta soke nata a rufin ɗaki, wai ta zaci wani laƙani ne na tsari, ga shi kuwa tun da ta sa ɓarawo bai taɓa shigar mata ba. Na Inna, Allah ya jiƙanta, mun same su naɗe tare da hular Habu a cikin kwallarta. Wani ya ci hayaƙi, wani ya sha manja a gefe, amma ko ɗaya bai salwanta ba, don mu ba ma yar da abin gado ko ba mu san amfaninsa ba. Bisi tana karɓa tana shafawa tana hawaye. Ni kuwa har na fara ɗaga kai, ina cewa a raina ashe dai mun yi abin kai.

Da muka baje su a tabarma a tsakar gidan Yaya Alhaji, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, saura biyu. Na jagora, da babban. Malam yana ajiye irin waɗannan a aljihun jakar gogensa. Ina gogen?"

Yaya Alhaji na gefe yana jan carbi. Ni na san an fitar da akwatin gefe ranar rabo, iyakar sanina ke nan. Can ya ce, "Baiwar Allah, ba zan yi miki ƙarya ba. Gida cike yake da 'yan gaisuwa, malamai na shiga suna fita. Na ɗauke shi na zagaya bayan gida inda ake ƙona kara, na cinna masa wuta. Da jakar da komai. Ban buɗe ba."

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage mu ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai sunkuyar da kai, sannan cikin ladabi ta ce ko akwai wanda ya taɓa jin Malam yana kaɗa shi, ko kaɗan ne, ya ɗan rera mata da baki ta rubuta. Muka dubi juna, mu 'yan'uwansa na ciki ɗaya, wasunmu da furfura har gira. Mutumin nan ya yi shekaru yana rubuta abin nan a ɗakin da ke jikin zaurenmu, muna wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, amma babu ko ɗayanmu da ya taɓa jin sautin gogensa, ko sau ɗaya a rayuwa. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige. Baƙuwa ta ratso duniya don ta ji muryar ɗan'uwanmu, mu da muke gida ba mu ma san yana da ita ba.

Ta tafi da littattafan, ta ce za ta duba abin da zai yiwu. Bayan damina ta dawo da bayani. Ashe a al'adar masu rubuta kiɗa, in makaɗi zai daɗe yana jira kafin ya shigo, akan rubuta masa ɗan guntun abin da jagora ke kaɗawa dab da shigarsa, da ƙananan ɗige-ɗige, don ya gane lokacinsa ya yi. Habu mutum ne mai tsantseni, ya yi wa kowa haka. Sai ta bi littafin mai sarewa ta tsinci guntu, ta bi na mai ganga ta tsinci wani, ta jera su a inda kowanne ya dace. Ta ce abin da ta samu bai kai rabi ba. Tsakanin guntu da guntu akwai wurare masu tsawo da 'yan amshi ke ta amsawa, amma abin da suke amsa wa ya tafi da hayaƙi.

Sai ta ce mu ne magada, mu za mu zaɓa. Ko ta cike guraben da nata tsarin, tunda ta san hannun malaminta, mai saurare ba zai gane an yi faci ba. Ko kuma a buga shi yadda yake, a bar guraben fari fat, a rubuta dalili a gabatarwa.

Yaya Alhaji bai ko yi tunani ba ya ce a cike. "Rufin asiri ya fi," in ji shi. "Wa ya san mu a can? Ki cike, Allah ya ba ki lada." Raina ya ɓaci, don na ga mun sake komawa gidan jiya, mu dai a rufe, a rufe. Amma a gaban baƙuwa ba na ɗaga wa yayana murya, sai na haɗiye. Aka kira azahar ya fita ya ja salla. Da ya dawo bai zauna ba, ya shige ɗakin Baba ya fito da gafaka, ya zaro wani tsohon littafin fiƙihu da Baba ya kwafa da alƙalaminsa. Ya buɗe wani shafi ya nuna mata. A tsakiyar rubutun akwai fili, layi biyu ko uku, babu komai.

Ya ce, "Littafin da Baba ya kwafo daga ciki, gara ta ci nan wurin. Baba ya san mas'alar, da ka ma zai iya kawo ta. Na tambaye shi don me bai cike ba, ya ce ba a sa wa mai littafi magana a baki. Abin da ka tarar shi za ka kwafa, inda ka tarar da rami ka bar rami." Ya rufe littafin. "Ba na ce wannan da wancan ɗaya ba ne, Allah ya tsare ni. Amma amana dai amana ce. Na ƙona masa rabi, ba zan kuma sa a yi masa ƙarya a sauran ba. Ki bar shi fari. In za ki rubuta dalili, ki ce wansa ne ya ƙona."

Ba ta rubuta haka ba. Na sa an fassara mini gabatarwar, abin da ta ce kawai shi ne littafin jagora ya salwanta a gida bayan rasuwar mai shi. Ta rufa mana asirin da ba mu cancanta ba, kuma wannan ma wata kunyar ce.

Yanzu littafin yana gabana. Takarda mai kauri, bugu tsaf, sunan Abubakar da na mahaifinmu a bango, sunan da muka yi ta gudun a haɗa da goge. Ban iya karanta ɗigo ko ɗaya ba, amma ina gane layin sama, don shi ne na jagora. Ya ɗan yi tafiya, sai ya yanke, layuka su miƙe babu komai a kansu har shafi ya ƙare, na ƙasa kuwa cike maƙil. Wannan karatun ko jahili ya iya shi.

Nakan tambayi kaina me Yaya Habu zai ce da ya leƙo Gwarzo ta yau. A gidan da bakansa bai taɓa taɓa tsirkiya ba, yanzu kowace jika da waya a hannu, kiɗa na tashi tun daga madafa har bakin zaure. Bikin da aka yi kwanan baya a layinmu, manyan lasifiku aka kafa, bango yana rawa, kuma 'ya'yan malamai ne a gaba wajen liƙi. Babu wanda ya ce uffan. Ba na ce hakan daidai ne ba, ni kaina kunnena ya gaji. Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan hayaniyar mun ba ta wuri, shi kuwa da ya yi wa abinsa karatu, ya yi masa ladabi, ya rufe shi don mutuncinmu, shi ne muka ji kunyarsa. Na san halinsa, ba zai yi mana gori ba. Dariya zai yi ya gyara hularsa, ya tambaya ko an sa wa masara taki. Da mai faɗa ne da tuni na huce, haƙurinsa ne ya hana ni sakat.

Watannin baya Bisi ta aiko mini da hoton bidiyo a waya, na ranar da aka fara kaɗa shi a gaban jama'a. Ban buɗe ni kaɗai ba. Na hau mota daga Kabo na same Yaya Alhaji da hantsi a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, yanzu na'ibi ke ja masa salla. Na ce, "Yaya, ga abin Habu. In ba ka so in mayar jaka." Ya ce in rufo ƙofar zauren. Har na kama ƙyauren sai ya ce, "A'a, bar ta."

Makaɗa sun cika dandamali, Bisi a tsaye a gabansu. Suka fara a hankali, sannan ta ɗora baka. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ni ba masaniyar kiɗa ba ce. Sauti ne siriri mai daɗi, yana hawa yana sauka kamar mutum yana ba ka labari bai son ya dame ka. Wallahi haka Yaya Habu yake magana. Ban gama jin daɗinsa ba sai ta sauke bakan, ta sauke gogen daga haɓarta, ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a ƙasa. Makaɗan suka ci gaba. Su kaɗa, su dakata kamar masu sauraro, su amsa, su sake dakatawa, ga mutane cike da zaure suna kallon mace tsaye ba ta yin komai.

Yaya Alhaji ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya ce, "Me ya same ta? Ta manta ne?"

Na ce, "Ba ta manta ba, Yaya."

Ya mayar da ido kan wayar. Ta sake ɗagawa ta kaɗa ɗan guntu, ta sake saukewa, wannan karon tsayuwar ta fi ta farko tsawo. Na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Duk nan magana yake yi?" Na ce duk nan. Da aka gama, mutanen can suka miƙe suna tafi, shi kuwa ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Tunda nake ban taɓa ganin yayana yana kuka ba, ko ranar da aka fita da Inna.

In aka tambaye ni abin da ya saura na Yaya Habu, ba zan cika baki in ce aikinsa ya tsira ba, don bai tsira ba. Abin da ya saura guntaye ne, kuma ko su ba mu muka adana su da sani ba. Shi ya rubuta wa kowane makaɗi ɗan abin da zai ji don kada ya ɓata hanya, kulawar da ya yi wa wasu ita ta cece masa abin da ya cetu. Sauran kuwa namu ne. Duk inda aka sayi littafin nan a duniya, duk zauren da aka kaɗa shi, akwai lokacin da mai goge zai sauke hannunsa ya tsaya a gaban jama'a, kuma wannan tsayuwar mu muka rubuta ta, mu 'yan gidan liman na Unguwar Tudu. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa. Mu kuma ya yafe mana, don wanda ya kamata mu roƙa ya riga ya tafi, kuma ko da yana nan cewa zai yi babu komai.